A kafa wa gwamnati dokar gini mai kiyaye muhalli, ko a bar ta da son ranta?

Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so mu baje ta a faifai, musamman injiniyoyi da lauyoyin gidan nan. Ƙasashe da dama sun kafa doka cewa duk ginin da gwamnati za ta yi da kuɗin jama'a, ofis ne, makaranta ce, asibiti ne ko kotu, dole ya cika wasu sharuɗɗa na tsimin wuta da ruwa da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Birnin Siyatil na Amurka ya soma tun 2000. A 2005 jihar Washinton ta mai da abin doka, ta ce duk babban ginin gwamnati da ya haura murabba'in ƙafa 5,000 sai ya samu shaidar LEED, wato ma'aunin gini mai kiyaye muhalli, ta matakin azurfa. Tarayyar Turai kuwa a dokarta ta 2010 ta sa sabbin gine-ginen hukuma a gaba: su ne za su fara zama masu shan makamashi kaɗan ƙwarai daga ƙarshen 2018, sauran jama'a su biyo baya a ƙarshen 2020. A sabuwar dokar 2024 ma haka ta sake yi, na gwamnati 2028, na kowa da kowa 2030.

Ni dai ina goyon baya. Gini ba riga ba ce da za a sauya baɗi, shekara 50 ko fiye zai yi a tsaye yana shan wuta, kuma mai biyan haraji ne ke biyan wutar. Sannan da wane ido gwamnati za ta ce wa ɗan kasuwa ya yi abin da ita ba ta yi a nata ofishin ba? To amma ina son jin ta bakin masu ja.

Malam Tanimu:
Wa alaikumus salam. 'Yata Sadiya, ga mai ja ya iso. Na tsufa a aikin akanta na gwamnati, kuma abin da na gani shi ne duk sharaɗin da aka ƙara wa kwangila, kuɗi ne aka ƙara wa kwangila. Yau an ce sai an ɗauko mai ba da shawara kan muhalli, gobe an ce sai an biya kuɗin rajistar satifiket, jibi a ce tagar da aka tsara babu ita a kasuwa sai an yi odarta. Kafin a ankara kuɗin ajujuwa goma ya gina bakwai. Yaran ajujuwa ukun nan da ba a gina ba, wa zai je ya yi musu bayanin ɗumamar yanayi?

Nura:
Baba Tanimu ya gama magana. A rufe zaure.

Injiniya Kabiru:
Ba a rufe ba tukuna, Nura. Malam Tanimu, tsoronka yana da tushe, amma lissafin bai kai yadda ka zana ba. A 2003 an yi wa jihar Kalifoniya wani nazari a kan gine-gine 33 masu irin wannan shaida, ƙarin kuɗin da aka samu a matsakaici bai cika kashi 2 cikin 100 ba. Na yarda alƙalumman wata ƙasa ba lalle su dace da wata ba. Amma dalilin ƙanƙantar ƙarin shi ne abin lura: mafi yawan tsimin ba daga na'urori masu tsada yake zuwa ba, daga takardar zane yake zuwa. Ka juya ginin yadda dogayen ɓangarorinsa za su kalli kudu da arewa, ka rage tagogin gabas da yamma inda rana ke shigowa a kwance, ka sa baranda ko rumfa a kan taga, ka shafa wa rufi farin fenti, ka sa abin tare zafi tsakanin kwano da silin. Juya gini a kan takarda kyauta ne. In ka yi waɗannan, iyakwandishan ɗin da za ka saya ma ya ragu, janareto ko taransifomar da za ta ɗauke shi ta ragu. Wani lokaci abin da ka rage a nan ya biya abin da ka ƙara a can.

Inda tsada ke shigowa shi ne a gama zane tsaf, a ba da kwangila, a zuba fandisho, sannan wani babba ya dawo daga taro ya ce yana son ginin ya samu lambar yabo. A nan kam sai an kashe kuɗi.

Malam Tanimu:
To Injiniya, in abin yana da araha haka kuma yana biyan kansa, me ya sa sai an kafa doka? Abu mai riba ai ba a kora mutum zuwa gare shi da bulala.

Injiniya Kabiru:
Kai ne ma ka fi ni sanin amsar, Malam. Aljihu biyu ne. Mai gina ginin yana ci daga kasafin manyan ayyuka, mai biyan kuɗin wuta yana ci daga kasafin yau da kullum, kuma sau da yawa ba ma'aikata ɗaya ba ce. Wanda ya gina ana auna shi da cewa ya gama da wuri kuma da araha, a yanka kyalle a ɗauki hoto ya tafi. Wanda zai zauna a ciki shekara 30 yana biyan bil ba a ma gayyace shi ranar da ake duba zanen ba. Ribar tana nan, amma ba ta shiga aljihun wanda ke da ikon yanke shawara. Shi ya sa ake buƙatar doka ta haɗa su.

Barista Hauwa:
Bari in ɗora a kan ta Injiniya ta fuskar doka. Akwai bambanci babba tsakanin umarnin shugaba da dokar majalisa. Dubi Amurka: Obama ya sa hannu a umarni kan kiyaye muhalli a ayyukan gwamnatin tarayya a 2015, Trump ya soke shi a 2018, Biden ya kawo wani a 2021, aka sake sokewa a 2025. Babban gini daga zane zuwa buɗewa yakan haɗiye shekaru, wato yana iya farawa a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya ya ƙare a ƙarƙashin wata. Dokar majalisa ta fi wuyar turewa, kuma masu sayar da kayan gini sun fi yarda su zuba jari in sun san abin ba zai sauya da zaɓe ba.

Amma kar mu ruɗi kanmu. A can Amurkan dai, dokar makamashi ta 2007 ta ce sabbin gine-ginen tarayya su riƙa rage amfani da mai da gas da gawayi mataki-mataki har su daina gaba ɗaya a 2030. Ƙa'idojin da za su fayyace yadda za a aiwatar da wannan sashe ba su fito a kammale ba sai 2024. Shekara 17 doka tana kwance tana jiran ma'aikata. Don haka duk wanda zai rubuta irin wannan ƙuduri ya sa wa'adin fitar da ƙa'idoji, ya kuma rubuta abin da zai fara aiki da kansa in wa'adin ya wuce ba a fitar ba.

Sadiya:
Anti Hauwa, wannan na ƙarshen ban taɓa tunaninsa ba. Wato ƙa'idar ko-ta-kwana a cikin dokar kanta.

Barista Hauwa:
Ƙwarai. In ba haka ba duk wanda ba ya son dokar ba sai ya yi faɗa da ita a majalisa ba, shiru kawai zai yi a ofis.

Alhaji Auwal:
Na ga ana ta zagaye ana nufin mu 'yan kwangila, gara in fito. Mu abin da aka rubuta a takarda muke ginawa. In ka rubuta gilashi mai ruɓi biyu, ka biya kuɗinsa, shi zan sa. Matsalar ita ce ana ba da aiki ga wanda ya fi kowa karya farashi. Ni na lissafa kayan ƙwarai, wani ya lissafa na banza ya rubuta sunan na ƙwarai, shi ya ci. Ranar duba aiki kuma abin tare zafin yana cikin silin an riga an rufe, wa zai hau ya leƙa? Doka irin wannan, in ba a gyara hanyar ba da kwangila da hanyar duba aiki ba, mai gaskiya za ta kora, ta bar wa maƙaryaci fili. Sannan a riƙa biya a kan lokaci. Wanda aka riƙe wa kuɗi wata da watanni, da bashin banki a wuyansa, shi ne ke fara neman inda zai rage.

Injiniya Kabiru:
Alhaji, a nan muna tare. Shi ya sa ake duba aiki kafin a rufe silin, ba bayan an yi fenti ba, kuma a ɗauki hoto a sa a fayil. Akwai kuma kyamarar da ke nuna zafi, ka haska ta a silin da tsakar rana duk inda aka yi tsallake zai fito ja. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne yanzu.

Zainab:
Ina neman izinin manya in sa baki, ni ɗalibar zanen gine-gine ce. Abin da ke damuna shi ne rubuta sunan LEED ko BREEAM a cikin doka. BREEAM a Birtaniya aka ƙirƙiro shi a 1990, LEED kuma a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, ƙasashen da babbar damuwarsu ta asali ita ce ɗumama ɗaki lokacin sanyi. An gyara su daga baya, amma dai tsarin tara maki ne. A LEED maki 50 azurfa, 60 zinariya, 80 filatinam. Mai wayo zai bi jerin ya tsinci maki masu araha, irin su wurin ajiye kekuna, ya kauce wa masu wuya, ya fito da kwalin gilashi mai shan wuta da allon yabo a ƙofa.

Alhali ga ginin Eastgate a Harare, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996: da dare fankoki suna jawo iska mai sanyi ta ratsa cikin kankaren benaye, da rana kankaren ya riƙa tsotse zafin ofisoshi, iskar da ta ɗumama ta fice ta bututun sama. Ga makarantar firamare da Francis Kéré ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001, bulon ƙasa ne da rufin kwano da aka ɗaga sama da silin don iska ta riƙa wucewa tsakani. Mutumin nan ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine, a 2022. Waɗannan ba jerin maki suka bi ba, yanayin wurin suka karanta. Ina tsoron dokar da za ta sa mai zane ya riƙa kallon fom maimakon ya kalli inda rana ke fitowa.

Nura:
Wato mu koma ginin ƙasa ke nan. Ma'aikatar kuɗi a ɗakin laka.

Zainab:
Yaya Nura, siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ɗin duniya. Ba na ce a daina shi ba, bene hawa goma da wuya a gina shi da laka. Amma ajin makaranta mai hawa ɗaya ko ƙaramin asibitin karkara fa? Bulon ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti yana da ƙarfi, kuma ya fi holoƙon bulo riƙe sanyi. A wurare da yawa ƙa'idar ginin gwamnati ce ma ba ta san da shi ba, sai injiniya ya ji tsoron sa hannu.

Barista Hauwa:
Ƙanwata Zainab ta taɓo wani abu da ya taɓa faruwa. Shekaru da dama LEED katakon da ke da shaidar ƙungiyar kula da dazuzzuka ta FSC kaɗai yake ba wa maki. Masu sana'ar katako a wasu jihohin Amurka suka ga an ware su, suka matsa wa gwamnoninsu. A 2011 gwamnan Maine, a 2012 na Jojiya, suka fitar da umarnin da a aikace ya hana amfani da LEED a gine-ginen jiha. Ka ga rigimar katako ta kayar da maganar wuta da ruwa baki ɗaya. Kuma ta fuskar ƙa'ida, in majalisa ta rubuta sunan ma'aunin wata ƙungiya mai zaman kanta, ta miƙa mata alƙalami ke nan: duk ranar da ƙungiyar ta sauya sharuɗɗanta, dokar ƙasa ta sauya ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Mafita ita ce doka ta faɗi sakamakon da take so da lamba, misali wutar da kowane murabba'in mita zai sha a shekara kada ta wuce kaza, sannan ta ce an yarda a nuna cika sharaɗin ta kowane ma'auni da hukuma ta amince da shi.

Sadiya:
Akwai EDGE ma na hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya, wanda aka yi shi don ƙasashe masu tasowa. Sharaɗi uku ne kawai: ragin kashi 20 cikin 100 a wuta, 20 a ruwa, 20 a hayaƙin kabon da aka fitar wajen ƙera kayan ginin. Babu tsintar maki.

Injiniya Kabiru:
EDGE ya fi sauƙi, gaskiya ne. Amma ku bari in faɗi abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin duk ma'aunan nan da muke ambata, a matakin sabon gini, alkawari suke aunawa ba aiki ba. Kwamfuta ce ke hasashen abin da ginin zai sha, a ba da satifiket kafin ma'aikaci ko ɗaya ya zauna a kujera.

An taɓa kirana in duba wani ofishin gwamnati, ba zan faɗi ko ina ne ba, mai 'yan shekaru da buɗewa, kuɗin wutarsa ya ƙi sauka. Zanen ba shi da laifi. Na shiga na tarar an liƙe idon na'urar da ke kashe fitila in ba kowa da salatif, an haɗa wayar kai tsaye, saboda wai tana kashewa mutane suna zaune. Saitin minti ne kawai ba a gyara ba. Tagogin da aka yi don a buɗe da safe, mai fenti ya shafe su har maƙullan sun manne. Iyakwandishan yana kan digiri 16, sakatariya tana sanye da rigar sanyi, ƙofar baranda kuma a buɗe an tokare ta da kwandon shara. Na hau rufi, farantan sola ƙura ta yi musu bargo har ana iya rubutu da yatsa, babu famfo ko ɗaya a saman da za a wanke su, inbata tana ta ƙyafta jar fitila ba wanda ya san tun yaushe. Kwamfutar da ke sarrafa komai tana wani ɗaki a kulle, lambar sirrinta ta tafi da kamfanin da ya haɗa ta, kwantiraginsa ya ƙare. A ƙofar shiga kuwa allon yabo yana nan ana goge shi kullum.

Ba a nan kaɗai ba ne. A 2008 wata cibiya a Amurka, New Buildings Institute, ta duba ainihin wutar da gine-gine 121 masu shaidar LEED suka sha. A matsakaici sun fi sauran gine-gine tsimi, amma da yawa sun yi nisa da hasashen da aka yi musu, wasu sun fi hasashen kyau, wasu sun fi shi muni sosai. Don haka ni dokar da ta tsaya a ranar yanka kyalle ba na goyon bayanta. Wadda nake so ita ce mai bin mita.

Malam Tanimu:
Yawwa. Yanzu ka zo inda nake. Ashe ba mu da nisa.

Injiniya Kabiru:
Muna da ɗan nisa, Malam. Kai ka ce a bar dokar, ni na ce a ƙara mata haƙora.

Sadiya:
Injiniya, akwai inda ake bin mitar a doka, ko fata ne kawai?

Injiniya Kabiru:
Akwai. A Ingila da Wales tun 2008 manyan gine-ginen hukuma da jama'a ke shiga dole su liƙa takarda a inda kowa zai gani, mai nuna matsayinsu daga A zuwa G, kuma daga ainihin karatun mita ake fitar da harafin, ba daga zane ba. Da farko sai ginin da ya haura murabba'in mita 1,000, zuwa 2015 aka sauko da shi 250. Manyan ana sabunta tasu duk shekara. Ostareliya kuma tana da ma'aunin NABERS, mai ba gini taurari har 6, daga bil ɗin wata 12. Mai gini ba ya iya yi wa mita daɗin baki.

Abin da zan sa a doka in ni ne: mita daban ga sanyaya ɗaki, daban ga fitilu, daban ga ruwa. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila da na mai zane sai ginin ya shekara ana zaune a ciki an ga lambobin. A miƙa littafin kula da na'urori da lambobin sirri kafin a sa hannu a karɓi gini. A kuma naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda za a tambaya.

Alhaji Auwal:
Tsaya Injiniya, a nan ba mu tare. Ka riƙe mini kuɗi shekara guda saboda sakatariya ta sa iyakwandishan a 16 ta buɗe ƙofa? Ni na gina, ban ce zan zauna in yi gadin rimot ba. Ginin da aka tsara wa mutum 200 a cusa masa 400 da firij a kowane ofis, sannan a ce ni na gaza?

Injiniya Kabiru:
Ƙorafinka daidai ne, Alhaji. Shi ya sa na ce a rarraba mita. Abin da aka jona a soket ba naka ba ne. Naka shi ne na'urar ta ba da sanyin da aka rubuta da wutar da aka rubuta, kuma ana iya gwada wannan ba tare da sakatariya ba. Saitin sanyi kuma gwamnati ce za ta ɗaure kanta. Japan a 2005 ta sa ofisoshinta a digiri 28 lokacin zafi, ta ce ma'aikata su ajiye kwat da nakatayel. Sifen a 2022 ta hana a sauko ƙasa da 27 a gine-ginen hukuma. Wannan ko sisi ba ya ci.

Alhaji Auwal:
In an rubuta shi haka ɓaro-ɓaro a kwantiragi, kuma kuɗin da aka riƙe yana wani asusu da ba za a taɓa ba, zan duba. In a hannun ma'aikata zai zauna, na san ba zan sake ganinsa ba.

Malam Tanimu:
Bari in ba ku ta akanta, tunda kun ja ni ciki. Duk abin nan da Injiniya ya gani a rufi, kuɗin gyara ne babu. Idan kasafi ya matse, layin gyare-gyare ake fara yankewa, domin ba ya kuka kamar albashi. Kuma ga wani abu da ba ku sani ba sai kun zauna a kujerar: shugaban ma'aikatar da ya yi tsimin wuta bana, baɗi sai a rage masa kason wuta daidai abin da ya tsimin, a ce ashe ba ya buƙata. Wanda ya yi facaka kuma a ƙara masa. To wane wawa ne zai yi tsimi? In kuna son dokarku ta rayu, ku rubuta cewa ma'aikatar da ta rage bil za ta riƙe wani kaso na rarar na wasu shekaru, a kashe shi a gyaran ginin kaɗai. Ku kuma sa babban mai binciken kuɗi ya riƙa kai wa majalisa rahoton wuta da ruwan kowane gini kamar yadda yake kai na kuɗi. Ba na ce na sauya ra'ayi ba. Har yanzu ina ganin ƙananan gine-gine a bar su da jerin sharuɗɗa biyar ko shida a shafi ɗaya, ba satifiket, ba mai ba da shawara.

Zainab:
Baba, wannan jerin shafi ɗayan ai shi nake nema tun ɗazu. Fuskar gini, inuwar taga, farin rufi, iska ta shiga ta fita, fitila mai tsimi, famfo mai tsimi.

Barista Hauwa:
Abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko tsofaffin gine-gine. Sabbin da gwamnati ke ginawa a shekara ɗigo ne a kan waɗanda take da su. Tarayyar Turai a dokar 2012 ta wajabta wa gwamnatocin tsakiya su gyara kashi 3 cikin 100 na faɗin gine-ginensu kowace shekara. Ko a haka sai an haura shekara 30 kafin a zagaye. Dokar da ta tsaya a sabbi kaɗai, jikokinmu ne za su ga amfaninta.

Na biyu kuma gargaɗi ne. Benen Grenfell a Landan na ƙaramar hukuma ne, an yi masa kwaskwarima aka lulluɓe shi da abin tare sanyi da wasu faranti a waje, aka gama a 2016. A watan Yunin 2017 gobara ta bi ta cikin lulluɓin nan ta haye benen, mutum 72 suka rasu. Kayan da aka sa masu saurin kamawa da wuta ne. Dole doka ta faɗa a fili cewa sharaɗin gobara da na lafiyar numfashi suna gaba da na tsimi, kuma ba mai ba da shaidar tsimi ne zai duba su ba.

Injiniya Kabiru:
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Haka abin yake a asibiti ma, ɗakin tiyata da ɗakin masu cutar da ke yaɗuwa ta iska ba a rage musu sauyin iska don a ci maki. Ma'aunin asibiti daban, na ofis daban, na makaranta daban.

Nura:
To ni tambayata ɗaya, kuma da gaske nake wannan karon. In gwamnati ta ga dokar ta yi mata tsauri, me zai hana ta daina gini ta koma kama haya? Ginin ba nata ba ne, doka ba ta hau kansa ba.

Barista Hauwa:
Nura, yau ka yi tambayar lauya. Babu abin da zai hana ta, in dokar ta ce "gine-ginen da gwamnati ta mallaka" ta yi shiru. Haka ma ginin da ɗan kasuwa ya gina wa gwamnati da yarjejeniyar biya a hankali, a takarda nasa ne har shekara 25 ko 30. Ostareliya ta toshe wannan ƙofa a tsarinta na 2006: ofishin da gwamnatin tarayya za ta kama haya, in ya haura murabba'in mita 2,000, tsarin ya nemi taurari 4.5 na makamashi, kuma a rubuta shi cikin yarjejeniyar hayar. Da yake gwamnati babbar 'yar haya ce, masu gine-gine suka shiga gyara don kada ta wuce su. Don haka kalmomin su zama "mallaka, ko haya, ko ginawa da kuɗin jama'a ko da wani ɓangare ne".

Alhaji Auwal:
Wani ɓangare kamar nawa, Barista? In gwamnati ta ba da fili kawai fa, ko ta yafe haraji?

Barista Hauwa:
Fili dukiyar jama'a ce, ni zan lissafa shi da darajarsa ta ranar da aka bayar. Yafe haraji kuwa in aka sa shi, rabin masana'antun ƙasa sun zama ginin gwamnati, kuma ƙudurin ba zai wuce karatu na biyu ba. Zan bar shi waje, in sa iyaka a kan kuɗi da fili: in kason jama'a ya kai rubu'in kuɗin aikin, doka ta hau.

Malam Tanimu:
Rubu'i ya yi ƙasa, 'yata. Za ki tarar kowane aiki an rubuta kason gwamnati kashi 24. Ki sa iyaka biyu, ko kaso ko adadin kuɗi, duk wanda aka fara kaiwa.